Ra'ayinmu: Rangadin Sama Da Rangadin Ƙasa

Ranar 1 ga watan Nuwamba na 1925 ne jiragen sama suka fara sauka a Kano. Jirage uku ne ƙanana na mayaƙan saman Ingila, kowanne mai ɗaukar mutum biyu. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoba, a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Cadi da Maiduguri, kana suka dira a filin sukuwa, domin a lokacin Kano ba ta da filin jirgi. Watau a 2025 aka cika shekara 100 cif da mutanenmu suka fara ɗaga kai suna kallon abin da ke shawagi alhali ba tsuntsu ba ne. Shekara ɗari kuwa ta isa a tsaya a yi lissafi. Saboda haka muka ga ya kamata wannan mujalla ta ɗalibai ta yi tambaya: me ƙaramin jirgi ya tsinana wa talakan ƙasar nan, me kuma ya kamata ya yi masa?

Mai rubuta wannan shafi ɗan Sandamu ne, garin da ke bakin hanyar Kano zuwa Daura. Muna yara abin da muka sani game da jirgi bai wuce farin zaren hayaƙin da yakan bari a sararin sama ba. Daga baya, tsakanin 2015 da 2023, sa'ad da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari yakan zo gida hutun Salla, sai muka saba da rugugin jirage masu saukar ungulu suna ratsa samaniyar ƙasar Daura. Mukan jefar da fartanya mu bi su da gudu har su ɓace. Wata rana ina gona da kakana, wani ya wuce ta kanmu ƙasa-ƙasa. Tsohon ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya kāre rana da tafin hannu, ya bi shi da kallo, sa'an nan ya ce mini, "Kai ɗan boko, shin na cikinsa suna ganinmu kuwa?" A ranar ban ba shi amsa ba. Yau, 'yan'uwa ɗalibai, tambayar nan tasa muke so mu tattauna.

Bari mu fara da ba ƙaramin jirgi haƙƙinsa, kada a ce ƙyashi ne ya sa mu magana. Abin hawa ne mai ban sha'awa ƙwarai. Ɗauki misalin Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1956, aka kuma ƙera fiye da 44,000, har babu wani jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya. Kujera huɗu gare shi, da inji ɗaya, da farfela a hanci. Yana gudun kimanin kilomita 220 a sa'a guda, yana shan mai kamar lita 30 zuwa 35 a cikin sa'ar nan, kuma fili mai ƙarfi wanda aka share, ko da babu kwalta, ya ishe shi tashi da sauka. Tafiyar da ɗalibi zai yi daga Kano zuwa Daura, bayan jiran mota ta cika da tsaye-tsayen hanya, wannan jirgi zai yi ta kafin shayi ya huce a butar mai shayi sau biyu. A ƙasashe irin su Amurka da Ostareliya, malamin makaranta ko manomi yakan yi lasin tuƙi, ya haɗa kuɗi da abokai su sayi jirgi ɗaya, su riƙa zaga ƙasarsu daga wannan ƙaramin fili zuwa wancan, yau su kwana nan, gobe su kwana can.

Daɗin daɗawa, ƙaramin jirgi ba ya lulawa cikin gajimare kamar manyan jiragen fasinja. Yakan tsaya a kamar mita dubu daga ƙasa, inda ido ke iya rarrabe kome. Wanda ya tashi daga Kano ya nufo arewa zai bar Dala da Gwauron Dutse a bayansa, ya ga sauran ganuwa da kududdufan birni, ya ga duwatsun Kazaure, sa'an nan ƙasar Daura ta shimfiɗu a gabansa kamar tabarma: ga Sandamu, ga Daura, ga Zango da Baure ta gabas, ga Mai'adua a bakin iyaka. Zai ga inda fadama ta ƙafe da inda rairayi ya ci gona. Zai ga burtalin da aka nome har shanu suka rasa hanya, abin da kan zama mafarin rigimar manoma da makiyaya. Zai ga makarantar da iska ta yaye wa kwano, da ƙauyen da hanyarsa ta yanke a bakin rafi. Abin da mai doki zai yi wata guda yana haɗawa, mai jirgi zai haɗa shi da hantsi ɗaya. Ko shakka babu, gani ya kori ji.

Amma fa sama ba ta san sarauta ba. Yawancin tuƙin irin wannan jirgi da ido ake yinsa, watau matuƙi yana kallon ƙasa, yana bin hanya da kogi da dutse yana gwadawa da taswira. In hunturu ya shigo, iska ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazo ya rufe gari, sai a ajiye jirgi a yi haƙuri, ko da kwana nawa ne. Da bazara kuma zafi yakan sa iska ta yi shara-shara, fiffike ya rasa abin kamawa sosai, inji ya rage ƙarfi, sai jirgi ya bukaci dogon fili kafin ya ɗaga, musamman in an cika shi da kaya. Da damina ga hadarin gabas mai tasowa farat ɗaya. Ga shirwa da ungulu da kan yi karo da farfela. Ga kuma duhu, wanda ke sauka da sauri a ƙasashenmu da zarar rana ta faɗi. Ba mu manta da ranar 25 ga Oktoba, 2012 ba, sa'ad da jirgin Cessna da Gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, yake tuƙawa da kansa daga Jalingo ya faɗi da maraice kusa da Yola. Bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 2017. Mun kawo wannan ne domin a san cewa jirgi ilmi yake so, da ladabi, da bin doka, ba kuɗi kaɗai ba.

To, tun da mun san abin hawan, sai mu koma ga tafiyar. Hausawa suna da kalma ga zaga ƙasa irin na shugaba, ita ce rangadi. A da, in Sarki ko Hakimi ko Di'o zai fita rangadi, kan doki yake fita. Yakan yada zango a gari, ya kwana, dagatai da masu unguwanni su hallara, mai ƙara ya kawo ƙararsa. Ba mu ce rangadin da aljanna ne ba. Iyayenmu sun ba mu labarin wahalarsa: ɗaukar kaya a ka na tilas, da sharar hanya, da tara kaji da ƙwai da hatsin dawaki, da ƙirgar kawuna don haraji da ƙirgar shanu don jangali. Sau da yawa zuwan mai rangadi masifa ne ga talaka. Duk da haka akwai abu guda da ba a iya raba shi da rangadin nan. Mai yinsa ya sha ruwan rijiyar garin, ya san ko tana da kanwa. Dokinsa ya lume a yashin da jakin talaka ke lumewa. Sauron da ya ciji dagaci ya cije shi. In ya koma gida ya yi biris, to, mugunta ce ta sa, ba rashin sani ba.

An fara gwada rangadin siyasa ta sama a ƙasar nan tun kafin samun mulkin kai. A yaƙin neman zaɓen tarayya na Disamba 1959, Cif Obafemi Awolowo na jam'iyyar Action Group ya zaga Arewa da jirgi mai saukar ungulu, yana dira a garuruwan da ba su taɓa ganin irinsa ba. Jama'a sun yi dafifi, har manyan NPC suka ga babu makawa sai su ma sun fita ƙauyuka neman ƙuri'a. Da aka ƙirga, NPC ta sami kujera 134, NCNC da abokiyarta NEPU suka sami 89, Action Group ta sami 73. Dalilan wannan sakamako suna da yawa, ba jirgi kaɗai ba ne, amma akwai darasi a ciki. Taron da ya zo kallon jirgi, jirgin ya zo kallo. Wanda ya sauko daga sama ya yi jawabin rabin sa'a ya tashi ya bar ƙura, ya ga mutane, mutane sun gan shi, amma ba a san juna ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda al'amarin ya juye a zamaninmu. Awolowo ya hau jirgi ne domin ya isa ga talakawa. Yau da yawa daga cikin masu mulki da masu dukiya suna hawa ne domin kada su haɗu da abin da talakawa ke haɗuwa da shi. Sa'ad da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama tarkon masu satar mutane, sai masu hali suka koma jirgin ƙasa. Da aka kai wa jirgin ƙasan hari ranar 28 ga Maris, 2022, aka kashe na kashewa aka kwashi na kwasa, sai wanda ya isa ya koma sama, ya yi shatar jirgi ko ya sayi nasa. Wa aka bari a ƙasa? Ɗalibin da ke komawa makaranta da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Mai naƙudar da ake ɗaukowa a bayan babur zuwa asibiti. Manomin Batsari ko Faskari da ya bar gonarsa saboda tsoro. Mu a ƙasar Daura muna godiya ga Allah da sauƙin da muke da shi, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Illar a bayyane take. Shugaban da ba ya bin hanya ba ya jin ciwon ramin da ke cikinta. Ya tashi daga filin jirgi mai sanyi, ya sauka a wani, motoci masu baƙin gilashi su kwashe shi da jiniya zuwa inda aka shafa sabon fenti daren jiya, a yanka ƙyalle, a tafa, ya koma kafin la'asar. Gobe a ce a rediyo ya kai ziyarar gani da ido. Wane ido? Abin da ya gani shi ne abin da aka shirya masa ya gani. Kuma manyan jiragen alfarma da ake yayi yanzu ko amfanin kallon ƙasa ba su da shi, domin can ƙololuwa suke bi, inda Sandamu da makarantunta da rijiyoyinta ba su fi ɗigon tawada ba. Ga amsar tambayar kakana ke nan, in za a faɗi gaskiya: yawancinsu ba sa ganinmu.

Sai dai kada mu yi jifa da abin hawa saboda laifin mahayi. Akwai misali a maƙwabtanmu da ke nuna abin da idon sama zai iya yi in an haɗa shi da idon ƙasa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, duniya ta ɗauka hamada ta gama da kudancin Nijar. A wajen 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a ƙasar Maraɗi, ya lura cewa tsiron da manoma ke sarewa kowace shekara a matsayin sharar gona, ashe kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. In aka bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka datse sauran, sai itace ya tashi ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Manoma suka karɓa, wasu ma dama dabarar kakanninsu ce suka farfaɗo da ita, aka yi ta yi daga gona zuwa gona ba da hayaniya ba. Sai bayan shekara ta 2000, da masana irin su Gray Tappan da Chris Reij suka gwada tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgi a 1975 da sababbi, sa'an nan aka gane girman abin. An ƙiyasta gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Wani babban yanki na wannan aiki yana nan a Magarya da Matamaye, tsallaken iyakarmu kaɗan, inda gawo ya cika gonaki. Manomi ya san dalilin son gawo: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi abinci.

A dubi hikimar da ke cikin labarin nan. Manomi ya san itacen gonarsa ɗaya bayan ɗaya, amma bai san cewa shi da miliyoyin 'yan'uwansa sun tare hamada ba. Mai hoton sama ya ga faɗin abin, amma da bai sauko ya zauna a gindin gawo ya tambayi mai gona ba, da bai san yadda aka yi ba. Na sama yana ganin yawa, na ƙasa yana sanin dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wanda ya hau bisa shi ke ganin ɗaki nawa ne ke yoyo a garin. Rangadin da ya cika rangadi shi ne wanda ya haɗa biyun.

Kuma ba mu rasa tushen wannan ilmi a Arewa ba. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya, wadda ta horar da matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hanya, har da Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, wadda daga baya ta shugabanci makarantar. A Kaduna aka harhaɗa ƙaramin jirgin koyo mai suna Air Beetle domin mayaƙan samanmu. A 2017 wani ɗan Nijeriya, Ademilola Odujinrin, ya kammala zagaya duniya shi kaɗai a cikin jirgi mai inji ɗaya. Ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a ƙasar Daura a Disamba 2019, ga hanyar dogo ta Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinta a 2021, wadda aka tsara ta biyo ta Daura. Abin tambaya shi ne, 'ya'yan wa za su riƙe wannan ilmi? Kuɗin koyon tuƙin jirgi ya fi ƙarfin ɗan manomi nesa ba kusa ba. In ba a yi hattara ba, za mu wayi gari ɗan Sandamu yana sharar filin jirgi da gadin ƙofarsa, kamar yadda kakansa ya share wa Di'o hanya.

Saboda haka wannan mujalla, da yawun ɗalibai, tana kira kamar haka.

Na farko, ga shugabanninmu na jiha da na tarayya da wakilanmu. Ba mu hana ku hawa jirgi ba, domin ƙasar tana da faɗi, lokaci kuma kaɗan ne. Amma in kun je ta sama, ku dawo ta ƙasa, ta hanyar da motar haya ke bi, ba tare da an share muku ita ba. Ku tsaya inda ba a sa ran tsayawarku. Ku shiga aji ku ƙirga yara da kujeru, ku shiga ɗakin shan magani ku buɗe kabad. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Na biyu, in har akwai kuɗin shatar jirgi domin ɗaurin aure da taron siyasa, to, akwai kuɗin da ƙaramin jirgi zai yi wa jama'a aiki. A yi amfani da shi wajen ɗaukar hoton gonaki da burtali da dazuzzuka a kai a kai, a kuma baje hotunan a gaban Hakimai da dagatai da manoma da makiyaya, kowa ya gani. A tanadi jiragen feshi kafin jan-baki da fara su sauka a kan gero, ba bayan sun gama ba. A kai likita da magani inda ruwa ya yanke hanya.

Na uku, Gwamnatin Jihar Katsina da ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, da attajiranmu, su ware gurbin karatu kyauta kowace shekara domin yara maza da mata masu hazaƙa su koyi tuƙi da gyaran jirgi da zanen taswira. A zaɓe su da jarrabawa a fili, ba da takardar wani babba ba, a kuma ɗaure su da alkawarin dawowa su yi wa ƙasarsu aiki.

Na huɗu, gare mu ne, 'yan'uwa ɗalibai, kuma shi ya fi ɗaci. Mu ma muna da namu ƙaramin jirgin, shi ne bokon da muke taƙama da shi. Nawa ne daga cikinmu suke zuwa hutu su wuni a ɗaki da waya a hannu, su san abin da ake ciki a Landan da Dubai, amma ba su san kuɗin tiyar gero a kasuwar Mai'adua ba? Nawa ne suka taɓa zama da tsohon unguwarsu suka tambaye shi inda burtali ya bi a da, ko shekarar da rijiyar gari ta fara ja baya? Gobe mu ne Kantomomi da Kwamishinoni da manyan sakatarori. In tun yanzu mun saba kallon mutanenmu daga bisa, to, ranar da muka sami jirgin gaske ba za mu sauko ba. Muna ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara ta shirya rangadin ƙafa a hutun ƙarshen shekara: kowane ɗalibi ya ɗauki ƙauye ɗaya a gundumarsa, ya rubuto halin makarantarsa da ruwansa da hanyarsa da itatuwansa. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk wanda ya kawo, kuma za mu miƙa abin da aka tara ga hukumomin da abin ya shafa.

Kakana ya riga mu gidan gaskiya bai taɓa shiga jirgi ba, bai kuma ji amsar tambayarsa ba. Fatanmu shi ne wata rana wani yaro ko wata yarinya daga cikin masu bin jirgi da gudu a gonakin Sandamu ya zama shi ne a kan kujerar matuƙi, ya sunkuyo ya gane gonar gidansu da kukar da ke bakinta, ya kuma nemi wuri ya sauka ya gaida mutane. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Allah ya ba shugabanninmu idon gani da kunnen ji, mu kuma ya sa ilminmu ya amfani waɗanda suka sayar da akuya da hatsi suka turo mu nan. Amin.

Edita